Hoton Cibiyar Faifai

Bradford, Ingila
7 ga Agusta

Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Sa'idu da yara. Ya Inna? Ya ƙafar tata a wannan damina? Ni lafiyata lau, sai gajiya. Har yanzu ina gidan kula da tsofaffin nan, a ɗaga wannan, a juya wancan, a ba wata abinci a baki. Alhamdu lillahi.

Bayan gaisuwa, hotunan fayafayan Inna da kika turo sun iso. Yaya, don Allah a cikin rijiya kika ɗauke su? Na farko na gane faifai ne. Na biyu na ce ko murfin tukunya ne. Na uku kam har yau ban yanke hukunci ba. Na watannin baya ma ba su kai yadda nake so ba, amma sun fi waɗannan nesa.

Kin san yadda gwanjon nan na intanet yake. Ina sa hoto, in rubuta cewa ɗinkin hannun mahaifiyata Yelwa ne daga bakin kogin Haɗeja, a ba mutane kwana bakwai suna tayawa, wanda ya fi tayi ya ɗauka, abokina Yakubu ya aika masa kai tsaye daga Kano. Ni ba na taɓa faifan, mai saye ma ba ya taɓawa. Hoton kaɗai yake gani kafin ya taya.

Ga yadda za ki yi. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafinki, don na san wayar nan tana shan hayaƙin murhu. Ki fito tsakar gida da hantsi, ki nemi inuwa, kada ki shiga tsakar rana, kada ki kunna fitilar waya. Ki shimfiɗa farin ƙyalle ki ɗora faifan a kai. Ki tsaya a kansa daidai, ki dafe gwiwar hannu a jikinki don kada ya yi rawa. Ɗaya daga sama, ɗaya ta baya, ɗaya da ludayi a gefe don a san girmansa. Wanda ya fi duka kuwa shi ne na kusa: ki matso da wayar kan cibiyar faifan har a iya ƙirga ɗinki. Mutanen nan ɗinkin suke saye.

Sannan wata biyu ke nan ban ji muryar Inna ba. Na san babu sabis a ƙauye, amma ai kina ɗauko mini muryarta a waya ki turo idan kin shigo Haɗeja. Ko faɗa ne ta yi mini, ina so.

Ƙaninki,
Musaddiq

*

Bakin Gulbi, ta Auyo
14 ga Agusta

Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Mun ga saƙonka, kowa lafiya, Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Ruwa ne ya yi yawa bana. Ya shiga shinkafar fadama, yanzu sai an hau kwalekwale kafin a kai inda mashin yake, shi ya sa sai ranar kasuwa nake samun fitowa in turo maka wasiƙa.

Maganar hoto, na ji. Rana ce ba ta fitowa, kullum hadari. Farin ƙyalle kuma wanda muke da shi ya yi jirwaye. Ga wasu nan na sake ɗauka, ka yi haƙuri da su haka. Da can ma ai ana saye ba tare da an ƙirga ɗinki ba.

Muryar Inna sai wani zuwan, na fito da gaggawa.

Ka riƙa cin abinci.

Yayarka,
Bara'atu

*

Bakin Gulbi, ta Auyo
14 ga Agusta

Goggo Talatu,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kuna lafiya a Birniwa, ke da mutanen gida. Na ba direban motar kasuwa wannan takarda ya kawo miki, a samu mai riƙe magana ya karanta miki.

Goggo, yayarki ba ta da lafiya. Sati guda bayan babbar salla ta faɗi a bakin randa. Mun kai ta asibiti a Haɗeja, aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Hannun ba ya ɗagawa, ƙafar sai ja, bakin ya karkace, magana sai wanda ya saba yake ganewa. Malam Sa'idu ya ba ni izini na dawo gida ina jinyarta.

Tun a gadon asibiti ta riƙe ni da hannun da ya rage, ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa Musaddiq ba, ba da baki ba, ba a rubuce ba. Ta ce yaron nan bai daɗe da samun aikin ba, in ya ji zai watsar ya taho. Kin san halinta. Na yi alkawarin, kuma tun ranar ba ni da sukuni.

Abin da ya fi damuna shi ne fayafayan. Ta ce kada a daina aikawa, in aka daina zai gane. To ni nake ɗinkawa yanzu. Tana zaune a jingine tana nuna mini launi da ido, in na sa ja inda take son baƙi ta yi tsaki. Kabar ita ce, rinin shi ne, basillarta ce ma a hannuna. Amma Goggo, ni bahaguwa ce. Inna ta raba ni da hagu a kwanon tuwo, ba ta iya raba ni da ita a basilla ba. Faifaina daga cibiya ta ɗaya gefen yake zagayowa, ɗinkin ma kishiyar nata yake kwantawa. Baƙo ba zai lura ba. Musaddiq kuwa a gindin Inna ya girma yana tsaga mata kaba, har tsokanata yake yi wai faifaina da baya yake tafiya. Kallo ɗaya zai yi wa hoto mai kyau ya san hannun waye.

Shi ya sa nake ɗaukar hotunan a cikin ɗaki, daga nesa, ina sane nake girgiza hannu. Shi kuma yana can yana koya mini yadda ake riƙe waya.

Jikin ba ya ƙaruwa, Goggo, raguwa yake yi. Abinci sai cokali uku. Ina tsoron ranar da yaron nan zai tambaye ni dalilin da ya sa na bari bai gan ta ba. Idan kin samu hanya ki zo. Ke tana jin maganarki wani lokaci.

'Yarki,
Bara'atu

*

Bradford
25 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya kamar yadda kika ce.

Na bar wasiƙarki kwana goma ban amsa ba don kada in rubuta abin da zan yi nadama, amma har yau raina bai huce ba, to gara in faɗa.

Na sa hotunan nan haka, tunda kin ce in yi haƙuri. Kwana bakwai suka cika babu wanda ya taya ko ɗaya. Wani ya rubuto yana tambaya ko faifan ƙazanta ne a jikinsa ko hoton ne. Aikin Inna ake tambaya ko ƙazanta ne. Matar da tun daga Gujungu ake zuwa neman faifanta.

Kin ce hadari, kin ce ƙyalle. To bari in tambaye ki abu ɗaya. Wasiƙar nan da kike rubutawa a takarda, ai hotonta kike ɗauka ki turo mini. Da wace waya? Wallahi har inda bironki ya tsaya kika sake bi ina gani. Har zanen layin takardar ina gani. Wayar da ta iya wannan ita ce ta kasa faifai? Ba wayar ba ce, Yaya, kuma ba hadari ba ne. Ba ki so ne.

Idan kin gaji da shiga kwalekwale saboda sana'ar Inna, ki faɗa. Idan Malam Sa'idu ne ba ya son fitarki, ki faɗa. Idan kuma gani kike yi ni ina nan ina hutawa ina ba ki umarni, to ki sani yau da hannuna na wanke tsofaffi huɗu. Akwai wata a nan, ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta suna garin nan amma sai su yi wata ba su leƙo ba. Ni nake taje mata kai. Kullum in na kalle ta sai in gode wa Allah da tawa uwar take zaune da ƙarfinta tana ɗinki, da 'yarta kusa. Abu ɗaya nake iya yi wa Inna daga nan, in sa duniya ta ga aikinta, shi ma kin tsaya a gaba.

Muryar da na roƙa ma ba ki turo ba. Minti ɗaya ne fa.

Musaddiq

*

Bakin Gulbi
4 ga Satumba

Musaddiq,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Na karanta wasiƙarka a tashar mashin, na sake karantawa a cikin kwalekwale. Ba zan ce maka komai a kan Malam Sa'idu ba, Allah ya saka masa da alheri, shi ke nan. Maganar takarda kuwa ka yi gaskiya. Wayar lafiyarta lau.

Ga hotuna nan yadda ka ce. Na wanke farin zanen Inna na zuwa Idi na shimfiɗa. Na jira hantsi, na shiga inuwar darbejiya, na goge idon kyamara, na dafe gwiwar hannu. Ɗaya daga sama, ɗaya ta baya, ɗaya da ludayi. Na kusan kuwa na yi maka har uku a kowane faifai, na matso har wayar ta kusa taɓa cibiya.

Ka ce mutanenka ɗinki suke saye. To kafin ka nuna musu, kai ka fara dubawa. Ka zauna inda ba ka sauri, ka buɗe hoton cibiyar nan, ka bi ɗinkin da ido daga inda ya fara. Ka duba da kyau, Musaddiq. Abin da zan iya ke nan, ba zan iya fiye da haka ba.

Ina jiran amsarka. Zan kwana biyu a Haɗeja gidan ƙanwar Malam saboda amsar.

Yayarka,
Bara'atu

*

Bradford
5 ga Satumba

Yaya Bara'atu ta kaina,

Gaisuwa da ban haƙuri. Madalla, wannan shi ne hoto. Ashe ke gwana ce kike ɓoyewa. Hasken ya zauna, launin ya fito, jan nan kamar a taɓa. Ina hutun rabin rana na gan su, ban ko gama shayi ba na ɗora su a shafin, kafin in koma aiki har mutum biyu sun taya.

Na ga kin ce in duba da kyau. Na duba, babu inuwa, babu rawa, babu abin gyara ko ɗaya. Kada ki damu, kin ci jarrabawa.

Ki yafe mini maganganun da na yi, gajiya ce da kewar gida. Ki ce wa Malam Sa'idu ya yi haƙuri in ya ji. Ki gaya wa Inna hannunta sai ƙara kyau yake yi, tsufa bai taɓa shi ba. Wannan satin da mai zuwa aiki ya yi mini yawa, mutum biyu sun tafi hutu, in kin ji ni shiru shi ne.

Haka za ki riƙa yi daga yau.

Ƙaninki mai laifi,
Musaddiq

*

Bradford
19 ga Satumba

Yaya,

Don girman Allah ki kira ni duk inda wannan ya same ki.

Wadda ta ci gwanjon babban faifan wata tsohuwa ce, ita ma kwanduna take saƙawa. Yau da safe ta rubuto tana yabawa, sai ta ƙara da cewa ta ji daɗi da ta ga mahaifiyata bahaguwa ce kamarta, wai ta gane daga hoton cibiya. Na fara rubuta mata cewa ta yi kuskure. Ban gama ba na buɗe hoton.

Yaya, wannan hannunki ne. Duka fayafai shidan da kika turo hannunki ne. Na koma kan masu duhun nan na watan jiya, na ƙara musu haske, su ma naki ne. Na ƙarshe da na samu na Inna tun kafin babbar salla ne.

Me ya samu Inna? Tun yaushe? Ido ne? Hannu ne? Kin ce tana gaishe ni, da bakinta take gaishe ni? Kin ce mini in zauna in duba, na sake karantawa yanzu, har sau biyu kika faɗa. Ni kuwa haske na duba da inuwa. Sati biyu hoton nan yana aljihuna.

Na kira ki ya fi sau ashirin, ba ya shiga. Na kira Malam Sa'idu, haka. Yakubu ya ce ya ji ruwa ya yanke hanyar Auyo, bai san komai bayan wannan ba. Na je wurin shugabar aikinmu, ta ce in har rashin lafiyar uwa ce za ta sake ni cikin kwana uku, ba sai na rasa aikin ba. Kwana uku kawai, Yaya. Kalma ɗaya nake jira.

Ki gaya mini gaskiya ko wace iri ce.

Musaddiq

*

Haɗeja
2 ga Oktoba

Musaddiq,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar Laraba, ashirin da ɗaya ga watan jiya, bayan la'asar. Ina riƙe da ita, Goggo Talatu tana gefe. Ta cika da kalmar shahada, ko da yake mu kaɗai muka gane abin da take faɗa. Maƙabartarmu tana cikin ruwa, sai a kwalekwale aka kai ta tudun gabas. Malam Sa'idu ya sa alama da itacen giginya don in ka zo ka gane wurin.

Saƙonka na ranar sha tara sai yau ya shigo wayata, da shi da kiran da ka yi ta yi. Tun sha ɗaya ga watan jiya ruwa ya cinye hanya, masu kwalekwale suka daina zuwa nesa. Yau ne na fara fitowa.

Ka tambayi gaskiya. Shanyewar ɓarin jiki ce, irin ta matar da kake taje wa kai. Tun bayan babbar salla. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa maka ba kuma ba zan rubuta ba, don kada ka rasa aikinka. Na riƙe alkawarin. Yau da na karanta cewa kwana uku kawai ake buƙata kuma aikin yana nan, na zauna a bakin shagon mai cajin waya na yi kuka har mutane suka taru. Ba mu sani ba. Ba mu kuma tambaya ba, wannan laifina ne, ba naka ba. Bayan ruwa ya rufe mu Goggo ta ce in karya alkawarin in yi kaffara, na ce bari hanya ta buɗe. Ba ta buɗe ba.

Ba zan ce ban ji haushinka ba. Ranar da amsarka ta zo kana ce mini na ci jarrabawa, da kana kusa da na mare ka. Na so in sake rubuta maka a fili a wurin, na ɗauki biro, na tuna hannunta a wuyan hannuna, na ajiye. Yanzu haushin ya tafi, ba ni da ƙarfinsa.

Akwai abin da na yi ta juyawa ko in gaya maka ko in bari. Na gaji da ɓoye maka abu, to ga shi.

Ranar da na ɗauki hotunan nan masu kyau, Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, na jingina ta da bango tana shan iska. Ta ga na ɗauko farin zanenta. Ta ga na durƙusa na kai wayar kan cibiya, faifai bayan faifai. Jikinta ne ya shanye, hankalinta garau yake, ta san abin da nake yi sarai. Ina ta jira ta yi tsakin nan nata. Ba ta yi ba. Da iska ta naɗe gefen zanen ma, da ƙafarta mai lafiya ta take mini shi.

Da na dawo daga Haɗeja bayan kwana biyu, tun daga zaure na hango ta tana kallon ƙofa. Ta sa Goggo ta ɗaura mata sabon ɗankwali. Ta tambaye ni, "Ya gani?" Sai da ta maimaita sau uku kafin bakin ya fitar da shi. Na ce ya gani. Ta ce, "Me ya ce?" Ban iya yi mata ƙarya ba, na karanta mata wasiƙarka duka, har inda ka ce hannunta sai ƙara kyau yake yi.

Sai ta ce, "To. Allah ya yi masa albarka." Ta ce in kwantar da ita. Daga ranar ba ta sake tambayar ko ranar kasuwa ta zo ba.

Albarkar da gaske ta sa maka, na ji muryarta, babu fushi a ciki. Ka riƙe wannan.

Ka sauke sunanta daga shafin nan. Wanda ya riga ya saya ka gaya masa gaskiyar wanda ya ɗinka, in ya so ya fasa. Ni ba zan taɓa basilla ba yanzu.

Ba sai ka yi gaggawar tahowa ba, har yanzu ruwa bai janye ba. In ka tashi zuwa ka sanar da ni, Malam Sa'idu zai tarye ka a Haɗeja ya kai ka tudun.

Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri.

Yayarka,
Bara'atu